Inabin Puliya ta Italiya: shin zai yi a garkar Maradi?

Manomin Jiratawa:
Assalamu alaikum. Ina da garka a Jiratawa, kusa da Maradi, inda nake noman albasa da tumatir, kuma ina tunanin ware wani sashe domin inabi. An ce yankin Puliya da ke kudancin Italiya yana da zafi da ƙarancin ruwan sama, amma shi ne kan gaba wajen noman inabi na ci a ƙasar. Waɗanne iri suke shukawa, kuma me zai hana su yi a nan?

Tsohon Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, Malam. Da farko a rarrabe, domin inabin Puliya kashi biyu ne. Akwai wanda ake nomawa domin giya, kamar Primitivo na wajen Manduriya, mai saurin nuna da yawan sukari, wanda shi ya sa giyarsa take da ƙarfi, kuma bincike ya tabbatar cewa shi ne Zinfandel na Kalifoniya. Akwai Negroamaro na Salento, wanda ake yin jar giya da mai ruwan hoda da shi, sai Nero di Troia a arewacin yankin. Waɗannan ƴaƴansu ƙanana ne masu ƙwallo, an zaɓe su domin matsa, ba su ne abin da kake nema ba.

Naka shi ne na ci, wanda ake nomawa a kewayen biranen Bari da Taranto, musamman garuruwan Rutigliano da Noicattaro. Fitaccen irinsu shi ne Italia, fari mai manyan ƴaƴa da ƙamshi, wanda Alberto Pirovano ya samar a 1911 ta hanyar haɗa iri biyu. Akwai kuma Victoria mai nuna da wuri, da Red Globe mai ja, ga kuma iri marasa ƙwallo da suke ƙara karɓuwa a kasuwannin Turai. Ana ɗora kurangar, wato itacen inabin, a kan rumfar waya mai tsayin kimanin mita 2, ganye ya rufe sama, nonon inabin ya rataya a inuwa, mai aiki ya bi ta ƙasa yana rage ƴaƴan da suka cunkushe da almakashi domin sauran su yi girma. Sukan kuma lulluɓe rumfar da leda, ko dai domin a gaggauta nuna, ko domin a jinkirta girbi.

To amma abin da ya raba mu da su ba yawan ruwa ba ne, lokacin saukarsa ne. A Puliya ruwa yana sauka ne a lokacin sanyi, sa'ad da kurangar ta zubar da ganye tana hutawa, sannan ƴaƴan su nuna a busasshen yanayi. A Maradi ruwanmu yana zuwa daga Yuni zuwa Satumba tare da zafi, kuma laima da zafi su ne abincin cutar fumfuna da ke ƙone ganye ta ruɓar da ƴaƴa. Wanda ya bi kalandar Italiya a nan, inabinsa zai nuna a tsakiyar damina, ya lalace.

Ɗan Kasuwa daga Sabon Gari:
Baba, bayaninka ya gamsar, sai dai ina ganin kamar ka rufe ƙofa. Na taɓa ganin kurangar inabi a tsakar gidan wani dattijo a nan cikin gari, ta hau rumfar ƙofar ɗaki, tana ba da ƴaƴa ƙanana masu ɗan tsami, yara suna tsinka tun ba su nuna ba. Kenan itacen yana rayuwa a ƙasarmu.

Tsohon Malamin Gona:
Ban rufe ba, Alhaji. Rayuwa daban, amfanin da za a kai kasuwa daban. Hanyar da ta dace da mu ita ce ta manoman Nashik a Indiya, inda sanyi bai isa ya sa kurangar hutawa ba. Suna datse rassa sau biyu a shekara: a Afrilu domin itacen ya yi sabon reshe, sannan a Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, domin ya yi fure, sai a girbe tsakanin Fabrairu da Afrilu. Da wannan tsari ƴaƴan za su girma cikin hunturu da rani, sai dai duk ruwan da itacen zai sha daga rijiya ne. Daga Puliya a ɗauki dabarar rumfa da rage ƴaƴa, daga Indiya a ɗauki lokacin datsa.

Hajiya Mai Garka:
Ɗana na Jiratawa, kada ka taɓa filin albasarka tukuna. Inabi ba ya ba da amfanin kirki sai wajen shekara ta uku, ga kuɗin turaku da waya, ga gara da ke cin turakun itace, ga tsuntsaye da ke jiran ranar nuna. Ka fara da gindi kaɗan a gefen rijiya, kuma ka nemi dashe ɗan aure daga wurin da ya riga ya yi ƴaƴa a ƙasa mai zafi irin tamu.

Manomin Jiratawa:
Na gode ƙwarai, Baba da Hajiya. Sauran tambaya ɗaya: idan aka datse a Oktoba, sau nawa ya kamata a yi ban ruwa a mako a ƙasa mai yashi?