Ƙanena ya sa hannu a bayanin da bai karanta ba, mene ne abin yi?

Assalamu alaikum. Don Allah masana shari'a ku taimaka min, kaina ya ɗaure.

Kwana uku ke nan 'yan sanda suna tsare da ƙanena. Cewa aka yi ya zo ya amsa tambayoyi kawai, da ya je sai aka hana shi fita. Har yanzu ba a faɗa masa laifinsa ba. Abin da ya fi tayar min da hankali, an rubuta bayani aka miƙa masa, shi kuma tsoro ya sa ya rattaba hannu bai karanta ba, babu lauya a wurin.

Na san yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa ta ce dole a gaya wa wanda aka kama dalili nan take, a kai shi gaban alƙali ba da jinkiri ba, kuma ba a tilasta masa amsa laifi. To amma hannun da ya riga ya sa fa? Zai iya janye bayanin a kotu? Kuma in sun sake kiransa gobe, ya yi shiru ne har lauya ya iso, ko shirun zai ƙara jawo masa matsala?