Kwamik 900 a folda ɗaya: in gyara tukuna ko in zuba a manhaja?

Mai Tambaya: Salamu alaikum. Ina da fayilolin kwamik (littattafan labari cikin zane) kusan 900, CBZ da CBR a cakuɗe, duk a folda ɗaya. Komga, manhajar tsarawa da karanta kwamik, zan ɗora a kwamfuta. In tsara su da hannu tukuna, ko manhajar za ta rarrabe da kanta?

Malamin Kwamfuta: Wa alaikumus salam. Tsara tukuna. Komga folda yake kallo: duk foldar da ke da littattafai, jeri ɗaya ce a wurinsa. Ka zuba 900 wuri guda, jeri ɗaya zai ba ka. Kowane jeri da foldarsa, ka sa shekarar farawa. Batman kaɗai ya fara daga lamba 1 a 1940, ya sake a 2011, ya sake a 2016. Folda: Batman (2016). Fayil: Batman (2016) 001.cbz. Sifilin nan wajibi ne, in ba haka ba wasu manhajojin za su jera maka 1, 10, 11, sannan 2.

Uwar Biyu: Calibre, manhajar tsara littattafai, ya ishe ka.

Malamin Kwamfuta: Hajiya, Calibre kwafe kowane fayil yake yi zuwa foldarsa ta marubuci da suna. Wuri zai ninku, tsarinsa kuma ya tashi a banza.

Ɗan Kwari: Ku bar maganar folda. Kwafi na biyu kafin komai! Na sa manhajar sauya suna a kan fayil 400 ban duba samfurin sakamako ba, ta share lambobin duka. Babu ComicInfo.xml, fayil ɗin da ke ɗauke da bayanan kwamik, a cikinsu, dole na buɗe ɗaya bayan ɗaya ina duba bango. Kwafin da na dogara da shi yana filash, na buɗe, rabi ba ya karantuwa.

Malamin Kwamfuta: Allah ya mayar da alheri. Shi ya sa ake fara sa bayanai. Manhajar ComicTagger na ɗauko su daga Comic Vine, shafin bayanan kwamik a intanet, ta rubuta cikin fayil: jeri, lamba, shekara. CBZ zip ne aka sauya wa suna, rubutu a ciki ba wuya. CBR kuwa RAR ne, ka warware da manhajar 7-Zip, ka sake matse hotunan a zip, ka mayar da ƙarshen sunan .cbz. Sauya suna kawai ba ya mayar da RAR zip.

Uwar Biyu: Kai kullum kai ne mai gaskiya? Wanda abin ya ci ya fi ka sani.

Na Gidan Ƙasa: Ni 900 ɗin nake tambaya, yaushe za ka karance su, bayan ritaya?

Ɗan Kwari: Sayi faifan ajiya na waje, 2TB. Kuɗinsa bai kai na 1TB biyu ba.

Mai Shagon Caji: A ina? Nan ya wuce ninki biyu, sai dai in na hannu kake nufi. Kuma filash ɗinka, Alhaji, jabu ne. A jiki an rubuta 128GB, ciki bai wuce 8 ba. In ya cika sai ya hau rubutu kan na baya. A gwada da H2testw, manhajar gano ainihin girman filash, kafin a zuba komai.

Ɗan Kwari: Mai shagon da ya sayar min da filash ɗin cewa ya yi kwamfutata ce mai ƙwayar cuta, ya ƙi karɓa.

Mai Tambaya: To fitowa ta musamman da ta shekara-shekara fa, foldar jeri za su shiga ko tasu daban?

Mai Shagon Caji: Rasit ya ba ka, Alhaji?