Malaman jami'a, wa ya taɓa amfani da kilika a babban aji?

Malamin_Fiziks ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema a wajen waɗanda suka gani da idonsu. Ina koyar da fiziks na 'yan aji ɗaya, kos ɗin nan da kowa da kowa ke ɗauka, 'yan injiniya da 'yan likitanci da 'yan kimiyya duk a hol guda, a takarda mun haura ɗari bakwai, ranar da aka cika har kan taga ana zama. Ina tsaye ina ta zuba awa biyu, in na ce "kun gane?" sai a amsa "eeeh" baki ɗaya kamar masu amsa addu'a, ranar tes kuma ka ga abin da zai sa ka dafe kai. Gaskiya layi uku na gaba kaɗai nake koyarwa, na baya Allah kaɗai ya san me suke yi.

Wani abokin aikina ya ce inda ya yi karatu a waje akwai wata 'yar na'ura kamar rimot ɗin talabijin, kilika suke ce mata, malami ya jefa tambaya kowa ya danna amsa nan take a ga sakamako a allo. Shin abin nan yana aiki kuwa ko dai ƙyale-ƙyalen Turawa ne? Wa ke saye, makaranta ko ɗalibi? In babu ita waya za ta iya yi?

Tsohon_Ɗalibi_Amurka ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Na riƙe ta shekara biyu. Wadda muka yi amfani da ita iClicker ce, maɓalli biyar ne A zuwa E, malaman fiziks ne ma na Jami'ar Illinois suka ƙirƙiro ta, kenan 'yan uwanka ne. Ba ta buƙatar intanet, da siginar rediyo take magana da wani ɗan akwati da ke kan teburin malami, batir kawai take ci. Mu ɗalibai muke saye a kantin littattafai na makaranta mu yi rajistar lambarta da sunanmu.

Amma Malam abin da ya sa na tuna ajin nan har yau ba dannawar ba ce. Bari in ba ka misali tunda fanninka ne. Malami ya sa hoton farantin ƙarfe mai rami a tsakiya, ya ce in aka zafafa farantin duka, ramin zai ƙaru ne, zai tsuke, ko zai zauna yadda yake. Minti ɗaya, ba magana, kowa ya danna. Ni na danna zai tsuke, ai ƙarfe zai kumbura ya cike ramin, har ina murmushi. Mutumin nan ya leƙa kwamfutarsa ya ƙi nuna mana sakamako ya ƙi faɗin amsa, sai ya ce kowa ya nemi wanda amsarsa ta bambanta da tasa ya shawo kansa. Hol ya kaure kamar kasuwa. Wata yarinya a gefena ta ce min ka ɗauka mutane ne suka yi da'ira suna riƙe da hannun juna, in kowa ya ɗan matsa nesa da na kusa da shi da'irar za ta ƙaru ko za ta ragu? Wallahi nan take na ga kuskurena. Aka sake dannawa mafi yawa suka koma kan zai ƙaru, sannan ne fa malamin ya yi bayani, kuma kowa kunnensa a buɗe don kowa yana son ya ji ko shi ne da gaskiya.

Tsarin na Eric Mazur ne, malamin fiziks a Jami'ar Harvard, tun farkon shekarun 1990. Shi ma yana ganin ya iya koyarwa har ranar da ya ba ɗalibansa wasu tambayoyi masu sauƙi kan dokokin Newton, wani cikinsu ya tambaye shi wai ya amsa yadda aka koya masa ne ko yadda shi yake ganin abin a ransa.

Malama_Bayoloji ta rubuta:

Malam kada ka wahalar da kanka da neman kuɗin na'ura tukuna, in ka rubuta takarda zuwa sama sai ka yi ritaya ba a amsa ba. Ni samista uku kenan ina yi da takarda. Fallen takarda ɗaya aka raba gida huɗu, kowane gida launinsa daban da babban harafi A, B, C, D, kowa ya buga nasa a shagon fotokwafi, in na ƙirga uku ya ninke ya riƙe a ƙirjinsa ba sama ba, don na gefe kar ya kwafa. Daga gaba launi kawai nake kallo, in ja ya rinjayi kore na san inda aka dosa. Akwai Plickers da malami ke ɗaukar katunan da kyamarar wayarsa, yana da kyau amma katinsa 63 ne kacal, ajinka ya fi ƙarfinsa.

Inda aikin yake shi ne rubuta tambayar, nan ne na sha wuya. Farkon farawata ina tambayar irin "wane ɓangaren ƙwayar halitta ne ke kaza", kowa ya ɗaga daidai ina ta jin daɗi, ashe hadda kawai nake gwadawa. Sai da na koma kan tsofaffin takardun jarrabawa na tsinto kurakuran da yaran ke maimaitawa duk shekara, su na mayar B da C da D. Amsar da ba daidai ba dole ta zama mai jan hankali, wadda yaro mai tunani zai iya faɗawa. Ƙa'idar da ake bi ita ce in masu daidai sun haura kamar kashi 70 ka yi gajeren bayani ka wuce, in ba su kai kashi 30 ba kar ka ce su tattauna don makaho ne zai ja makaho, sake koyarwa za ka yi. Tsakanin nan ne muhawara ke da riba. Tambaya uku ko huɗu sun isa lakca guda.

Injiniya_Mai_Shakka ya rubuta:

Ni fa ban gamsu ba. Wanda ya sani ya faɗa wa wanda bai sani ba ya canza amsa, sai a ce an koya? Ai kwafa ce da izinin malami. Sannan silabas fa, sati nawa ne a samista in an cire yajin aiki da hutun da ba a shirya ba? Batun waya kuma a bar shi, mutum ɗari bakwai su hau manhajar amsa tambaya irin Kahoot ko Mentimeter lokaci guda a hol ɗin da kira ma da ƙyar yake shiga, ga firojekta ba wuta.

Malama_Bayoloji ta rubuta:

Injiniya maganar netwok gaskiyarka ce. Ta kwafa kuwa an gwada, a Jami'ar Colorado a ajin jinetiks, wato ilimin gadon halitta, mujallar Science ta buga a 2009. Bayan tattaunawa sai a ba su wata sabuwar tambaya mai kama da ta farko kowa ya amsa shi kaɗai, kuma aka ga masu amsa daidai sun ƙaru, har a rukunin da tun farko ba wanda ya san amsar. Akwai kuma na Freeman da abokansa a 2014 da suka haɗa bincike 225, masu faɗuwa kusan kashi 34 ne a ajin lakca zalla, kusan 22 a inda ake sa ɗalibai aiki cikin aji, ko da yake wannan ba kan kilika kaɗai ba ne. Silabas kam za ka rage wani abu, ni ma'anonin kalmomi na tura su karanto a gida.

Ɗalibar_Aji_Uku ta rubuta:

Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya, ku yi haƙuri na shigo maganar manya. Abin da zan roƙa kawai don Allah kar a haɗa shi da atendans ko maki mai yawa. Mu da muke sa wa juna hannu a takardar atendans, in aka ba mu rimot ai mutum ɗaya zai zo da guda biyar a jaka. Ba mu kaɗai ba, a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 2014 ɗalibai 64 aka tuhuma da danna wa juna, kuma abin dariyar kos ɗin kan ɗa'a ne da addini a wasanni. Ni abin da ya burge ni a takardar Malama shi ne riƙewa a ƙirji. Shekara uku ban taɓa ɗaga hannu a babban hol ba, ka yi kuskure ɗaya samarin baya su sa maka suna har ka gama makaranta.

Malamin_Fiziks ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na gwada ranar Talata da takardar Malama da tambayar farantin nan. Zagayen farko hol ya rabu kusan biyu, har wani da nake ganin gwani ne ya ɗaga "zai tsuke". Da na ce su yi magana sai ga na kan taga sun diro suna musu da hannu da ƙafa, zagaye na biyu kore, wato "zai ƙaru", ya mamaye. Matsala biyu na samu. Layukan can baya ba na iya bambance ja da ruwan goro, zan canza launin. Ta biyu kuma sai da na yi kusan minti biyar ina buga tebur kafin su yi shiru, makirufo ɗin ma ya mutu a tsakiya. Malama ke da me kike tsayar da su, ko in nemo usur irin na alƙalin wasa?