Tambaya kan tarihin mujallar yara ta The Beano

Maman Khalifa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. A makon jiya muna gyara ɗakin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na tarar da tsofaffin mujallun The Beano a ƙasan akwatinsa, an ɗaure su da zare, takardunsu duk sun yi ja saboda daɗewa. Na tuna yana karanta mana su muna ƙanana, amma ban taɓa tambayarsa asalinsu ba. Ina roƙon wanda ya san tarihin mujallar ya yi mini bayani, ya kuma ba ni shawara ko ya dace in bai wa 'ya'yana, domin yaron da ke bangonta ba ya jin magana ko kaɗan.

Baban Yusra, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya gafarta wa Baba. Kamfanin DC Thomson da ke birnin Dundee a Skotland ne ke buga ta, kuma fitowarta ta farko ta kasance ranar 30 ga Yuli, 1938, a kan kwabo biyu na tsohon kuɗin Birtaniya. Tana da yaya mai suna The Dandy, wadda kamfanin ya fara bugawa a Disambar 1937. A farko wata jimina ce mai suna Big Eggo ke kan bango. Yaron da kika ambata, mai riga mai ratsin ja da baƙi, shi ne Dennis the Menace, wanda David Law ya fara zanawa a Maris na 1951, amma bai hau bango ba sai 1974, bayan an haɗa shi da karensa Gnasher a 1968. Saboda haka idan shi ne a bangon waɗanda kika samu, to ba su girmi shekarar 1974 ba.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihinta shi ne zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Takarda ta yi ƙaranci har aka riƙa rabon ta a kan ƙa'ida, sai kamfanin ya sa mujallun biyu suna karɓa-karɓa, wannan ta fito a wannan mako, waccan a mako na gaba, daga 1941 har 1949, maimakon a kashe ɗaya a bar yara da kewa. Da al'amura suka daidaita, a 1950 ana sayar da kusan kwafi miliyan 2 a mako guda.

Malamar Firamare, Kawo:
Hajiya, damuwarki tana kan hanya, kuma ni ma na yi ta a aji. Masu zanen sun tsaya a ɓangaren yaro ne, musamman Leo Baxendale, wanda ya ƙirƙiro wata yarinya mai ƙiriniya, Minnie the Minx, a 1953 da kuma 'yan makarantar Bash Street masu wahalar da malaminsu. Sai dai a tsofaffin fitowa ƙiriniyar ba ta tafiya haka nan, domin labarin yakan ƙare ne da mahaifin Dennis ya ɗauko silifa, abin da aka daina zanawa daga baya. Shawarata ita ce ki zauna tare da su kamar yadda Baba ya yi muku, ki riƙa tambayarsu abin da suka gani. Na ga ɗaliban da ke gudun littafin Turanci sun zauna shiru a kan irin wannan zane, suna haɗa kalma da hoto.

Maman Khalifa, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, Dennis ne a bangon dukansu. Baban Yusra, har yanzu ana buga su kuwa?

Baban Yusra, Tudun Wada:
The Dandy ta daina fitowa a takarda a Disambar 2012, daidai lokacin da ta cika shekara 75, bayan masu saye sun ragu matuƙa. The Beano kuwa tana nan tana fitowa kowane mako. Ki cire zaren nan kada ya ci gefen takardun, ki kuma ajiye su nesa da laima da gara kafin damina ta kankama.