Faffaɗan rim da taya a kan 350Z, wace lamba zan sa?

Ɗan_Zoo_Road:
Assalamu alaikum masana mota. Ina da Nissan 350Z ta 2004 a nan Kano, na ɗan taɓa ta, na canza salansa na kuma sauke ta ƙasa kamar inci ɗaya, yanzu abin da ya rage ƙafafu ne, don tayoyin da ta zo da su, 225/45 a gaba 245/45 a baya (lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a kaso cikin ɗari na faɗin) kan rim mai inci 18, sun shige can cikin bodi kamar ƙafar yaro a takalmin babansa, kuma da na danna mata wuta a giya ta biyu sai baya ya fara zillo. Wani mai kayan Beljiyam ya nuna min rim 20 masu faɗin inci 11, wallahi sun yi kyau, ya ce daga Marsandi aka ciro su amma za su zauna. In saya?

Oga_Bakanike:
Wa alaikumus salam. Kar ka saya ƙanina. Ramukan notin Marsandi 5x112 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112, naka 5x114.3, bambancin ɗan kaɗan ne shi ya sa yake ruɗar mutane, za a iya tura shi da ƙarfi ya shiga amma notin ba zai zauna a tsakiyar raminsa ba, duk sanda ka ɗaure kana lanƙwasa ƙusoshin ne, ranar da suka gaji kuwa taya ce za ta wuce ka a kan titi. Na BMW 5x120 shi ko kusa bai zo ba.

Abin da masu wannan motar suka fi sawa shi ne rim mai faɗin inci 9.5 a gaba, 10.5 a baya, ofset wajen +22. Ka kula da ofset ɗin nan sosai, shi ke nuna ko rim zai fito waje ko zai koma ciki, lamba na raguwa yana ƙara fitowa. Naka na kamfani faɗinsa inci 8 ne ofset wajen +30, to in ka sa 10.5 mai +22 bakinsa zai fito da kusan santimita huɗu, ta ciki ma ya ci wajen biyu. Tunda ka sauke motar sai ka kai wa fanalbita ya naɗe leɓen fenda na baya ciki, in ba haka ba zai riƙa yankar gefen taya duk bam ɗin da ka hau. Sannan ramin tsakiyar rim naka milimita 66.1 ne, yawancin rim na kasuwa 73.1 suke zuwa, ka nemi zoben da ke cike gurbin tun a wajen saye, rashinsa ke sa sitiyari karkarwa ka yi ta balansin a banza.

Hajji_Turbo:
Oga ya gama magana, ni dai ƙarin da zan yi kan 20 ɗin ne. Na yi wannan gangancin a motata, taya 275/30, wato tsayin gefen robar bai wuce milimita 83 ba, sati uku kacal na faɗa wani rami da ruwa ya rufe da daddare, rim ya lotse taya ta yi ƙulu kamar an cusa mata ƙwai. Mai faci ya kalle ni ya ce Alhaji wannan ai ba ta titinmu ba ce. Ka tsaya a 18 kawai. 275/40 gefenta milimita 110 ne, daidai da 245/45 ɗin da kake kai yanzu, ka samu faɗi ba ka rasa katifa ba.

Ɗan_Zoo_Road:
Allah ya saka da alheri, har na ji kuɗina sun dawo aljihu. To Oga me zai hana in sa 275 gaba da baya gaba ɗaya, in huta da neman lamba biyu?

Oga_Bakanike:
Masu shiga filin tsere suna yi, amma kai da za ka shiga gari ban ba ka shawara ba. Kwamfutar motar ta saba tayar baya ta fi ta gaba tsayi da kusan kashi uku cikin ɗari, in ka daidaita su tana iya ɗauka baya na sulɓi ne, wutar SLIP, mai gargaɗin sulɓi a dashbod, ta hau ƙiftawa tana rage maka wuta ba gaira ba dalili. Sa 255/40 a gaba 275/40 a baya, tazarar ta yi kusa da ta kamfani. Kuma faffaɗar taya a gaba bin kwarin kwalta take, inda manyan motoci suka lotsa hanya sai ka ji sitiyari na fizgar hannunka. Da damina ma ka rage gudu, faɗin nan ya fi saurin hawa kan ruwa.

Baban_Iman:
Duk kun manta da tayar ita kanta. Irin wannan lambar sabuwarta tsada kamar me, na san ƙarshe Beljiyam za ka koma, to ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, in ta haura shekara shida bar musu abarsu ko da zanenta na nan raɗau. Wadda ka ga hoton dutse da ƙanƙara a gefenta kuma ta sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, zafin watan Afrilu zai cinye ta kafin ka ankara. Zillon da kake ji a giya ta biyu ma ban cire tsammanin tsufan taya ne ba faɗi ba, je ka duba na jikin motar yanzu.

Ɗan_Zoo_Road:
Na fita na haska da fitilar waya. Na baya 4114 ne, duka biyun.