Neman shawara: gida mai falo biyu nake nema a Leeds, me zan ce wa dillali?

Abban Khadija: Assalamu alaikum jama'a. Na samu gurbin digiri na biyu a Leeds ta Ingila, kuma da iyali zan tafi. Ina duba gidajen haya a shafin intanet na Rightmove, amma sunayen ɗakunan sun ruɗa ni: wani ya rubuta lounge, wani sitting room, wani 2 reception rooms. Ni gida nake so mai falo biyu, in na yi baƙi maza su zauna a ɗaya, maiɗakina da yara su sake a ɗayan. Na rubuta wa wani dillali cewa ina son two parlours, ya dawo yana tambayata me nake nufi. A taimaka.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Parlour ɗin ne ya ɓatar da shi. Daga ita muka samu falo, shi ya sa a Najeriya ake ce wa ciki da falo room and parlour. A can kuwa ta tsufa, sai dai a wurin gyaran jiki, shagon askirim ko gidan shirya gawa. Living room, sitting room da lounge duk falo ne, kada su dame ka.

Hajiya Maman Sadiq: Ƙanena, a nan Ingila nake zaune, ka saurare ni da kyau. Abin da za ka rubuta shi ne two separate reception rooms, kuma kada ka bar separate ɗin nan. Reception room yaren dillalai ne, suna nufin duk ɗakin zama da ba na kwana ba, ba kicin ba, ba banɗaki ba. Sau da yawa na biyun ɗakin cin abinci ne, amma ba laifi, kujeru kawai za ka zuba. Wanda za ka guda shi ne through lounge: falo biyu ne aka rushe bangon tsakiya suka haɗe. Haka open plan, falo da kicin a haɗe, baƙi na zaune suna kallon matarka tana tuƙa tuwo. Sannan Leeds cike take da gidajen back-to-back, wato waɗanda ke manne da juna baya da baya, musamman wajen unguwar Harehills, kuma yawancinsu falo ɗaya ne a ƙasa, ƙofar waje a cikinsa take buɗewa. Ka nemi through terrace, shi ne mai ƙofar gaba da ta baya, galibi da ɗakin gaba da na baya. Kada ka biya ko sisi sai ka ga zanen gidan.

Injiniya Musa: Gaskiyar Hajiya. Ƙari kan haka, a unguwannin ɗalibai irin Hyde Park masu gida kan mayar da falon gaba ɗakin kwana don a ƙara kuɗin haya. Ka tambaya tun da wuri.

Ummi: Ni kuma drawing room nake gani, ɗakin zane ne?

Malam Habu: A'a 'yata, daga withdrawing room take, ɗakin da matan manyan gida ke komawa bayan an ci abinci. Ana samunsa a fadoji irin Buckingham, ba a gidan ɗalibi ba.

Abban Khadija: Allah ya saka da alheri. Hajiya, yanzu zan sake rubuta masa kamar yadda kika ce, in kuma nemi zanen.