Gwanjon rage farashi: shawarwarin da aka bayar

A gwanjon da aka saba, masu saye ke ƙara kuɗi. A wannan kuwa hukuma ce mai saye, 'yan kwangila ke sauke farashi ta intanet har lokaci ya cika.

A wata tattaunawa da aka yi kan irin wannan gwanjo, mahalarta sun fi nanata abu biyu: a fayyace kayan da ake so dalla-dalla, a tantance masu shiga tun kafin a buɗe, kada araha ta jawo jabu. Ina tare da su a nan. Tsarin ya dace da sayen takarda ko kwamfutoci, ban da aikin da ke buƙatar ƙwarewa. An kuma ce a ɓoye sunayen masu tayi don kada su haɗa baki, a ƙara mintoci idan tayi ya shigo dab da rufewa.